Sannu da Ƙoƙari, Kunnen Ɗan Adam

Na daɗe ina jin haushin rowar yabon da ake yi wa kunnen ɗan Adam. Ido ya sha kirari, haƙori ya sha, hanci ma in ya miƙe sai a tsaya a ƙare masa kallo. Shi kuwa kunne, bawan Allah, yana nan maƙale a gefen kai, ba mai tunawa da shi sai ranar da za a ja shi ko za a huda shi. Yau na ɗauki alƙalami in rama masa. Masu cewa ai kare ya fi mu ji, ko kyanwa, ko jemage, su yi haƙuri su zauna, zan bi ta kansu, don kowa ya ga ratar da ke tsakanin sarki da talakawansa.

Sauti dai girgiza ce. Ka taɓa tsarkiyar garaya ka dube ta, za ka ga tana rawa, rawar nan ce take kaɗa iska, iska ta kaɗa dodon kunne. In girgizar tana tafiya a hankali sai sautin ya fito da kauri, kamar tambari ko rugugin hadari daga nesa. In tana sauri sai ya sirance, kamar kukan gyare. Masana suna ƙirga yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya, suna kiran awon haz, don tunawa da wani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz. A wannan awo gonar ɗan Adam ta tashi daga haz 20 zuwa 20,000. Madalla da wannan gona. Abin da ya yi sama da ita, ko ya yi ƙasa, sarki bai ce babu shi ba, don shi adali ne. Suna kawai ya raɗa musu: na sama ya ce da shi "abin da ya wuce sauti", na ƙasa ya ce "abin da bai kai sauti ba". Wato kiran da 'ya'yan ɓera suke yi wa uwarsu ba sauti ba ne, tunda bai biyo ta fada ba. Ina ka taɓa ganin tawali'u irin wannan?

Ko gonar ma, a gaskiya, ta yaro ce. Tun mutum bai rufe shekara 20 ba ake fara yanke masa ita daga sama, kunya bayan kunya, ba sallama. Wanda ya ba 50 baya, in har yana kama 12,000 ko 13,000, ya nemi abin sadaka.

Ni da kaina na shaida wannan ɗaukaka. Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida, ɗan ƙanwata ya zo da wata manhaja a waya mai fitar da sauti daidai awon da ka zaɓa. Ya danna. Yaran gidan suka toshe kunnuwa suna ihu a kashe, kyanwar da ke kwance gindin randa ta zabura ta haye katanga. Ni kuwa ina riƙe da kofin shayi, ban ji ko ƙis ba.

"Kawu, wai da gaske ba ka ji?"

Na ce masa wayarsa ce ta lalace. Ya rage awon, ya sake ragewa, sai da ya sauko wajen 13,000 sannan na ji wani ɗan siririn abu kamar sauro a ɗakin maƙwabta. Yaran suka bushe da dariya. Ban yi fushi ba, don na gane abin da ba su gane ba: kunne ne ya manyanta, ya daina kula ƙananan maganganu.

Wani Bature a yankin Wales na Birtaniya, Howard Stapleton, ya riga ni gano darajar wannan manyantaka. A 2005 ya ƙera wata na'ura mai tsiwa a wajen haz 17,000, ya sa mata sunan sauro, masu kantuna suka riƙa kafa ta a ƙofa don ta kori samari masu zaman kashe wando, manya kuwa su shige su fita ba su san ana yi ba. Ba a jima ba samarin suka kwashi sautin suka mai da shi ƙarar kiran waya, saƙo ya riƙa shigowa a tsakiyar aji, duk ɗalibai sun ji, malam yana can yana rubutu a allo. An ce kunne ya girmi kaka. Ga shi kuwa har ya girmi jin abin da ake yi a gabansa.

Maganar kare ba ta da tsawo. Yana kaiwa wajen 45,000. Kyanwa tana wuce 60,000. Tun 1876 Francis Galton na Ingila ya ƙera wani ɗan usur da ake murɗawa ya yi ta sirancewa har ya ɓace wa mutum, ya ɗaura shi a jikin sandarsa, ya riƙa zagaya gidan namun daji yana matsawa yana duban wanda zai ɗaga kunne. Ya ce kyanwa ta fi kowa. To sai me? Duk wahalar nan da kyanwa take sha, ta kafa wa bango ido da tsakar dare, kunne ɗaya gabas ɗaya yamma, don me take yi? Don ta ji ɓera. Ɓeraye suna hira a can sama da inda muke kaiwa, namijin ma har wata 'yar waƙa yake rera wa tamata. Wane mai mutunci ne zai so a ce ya kasa kunne yana sauraron zancen ɓera da budurwarsa? An hutar da mu. Shi ya sa namu kunnen ko motsi ba ya yi. Tsokokin juya shi suna nan, amma sun yi murabus, sai ɗaiɗaikun mutane da ke iya kaɗa shi don ba yara dariya.

Inda sarautar kunnenmu ta fi bayyana shi ne a shari'arsa da jemage, kuma wannan shari'a ta cancanci a zauna mata.

Wajen 1793 wani malamin coci ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya rasa gane yadda ƙananan jemagu masu cin ƙwari suke yawo cikin baƙin duhu ba sa karo da komai. Ya makantar da wasu, abin tausayi, ya sake su a ɗaki, suka ci gaba da shawagi suna kauce wa duk abin da ya gitta musu kamar ba abin da ya faru. Wani likita a birnin Janiba, Louis Jurine, ya ce bari ya gwada ta wani gefen: ya toshe musu kunnuwa. Nan take suka fara faɗuwa suna bugun bango. Magana ta fito fili, jemage da kunne yake gani. Sai aka kai ƙara gaban babban masanin dabbobi na Faransa, Georges Cuvier, ya yi watsi da ita, ya ce jikin fiffikensu ne ke jin iska. Hujjar da ta kwantar wa duniya da hankali mai sauƙi ce: ai jemagun nan shiru suke tashi. Wa ya ce shiru suke? Kunnen ɗan Adam. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Aka rufe shari'a, aka tashi, ta kwana a rufe sama da shekara 140.

Sai a 1938 wani ɗalibi a Jami'ar Habad ta Amurka, Donald Griffin, ya ɗauki kejin jemagu ya kai ɗakin wani malamin kimiyya, George Pierce, wanda ya ƙera na'urar da ke sauko da siraran sautuka zuwa inda mutum zai ji. Ana kunna ta ɗakin ya kaure. Ashe bayin Allah nan kururuwa suke yi tun fil azal, suna sauraron amsa-kuwwarta, da ita suke auna bango da reshe da ƙwaron da ke gudu. Kuma ba ƙaramar kururuwa ba, wasunsu a bakin bakinsu ƙarfinta yana haura desibel 130, abin da ya fi injin niƙa nesa ba kusa ba. Duk magaribar da ka zauna a ƙofar gida kana cewa kai, gari ya yi tsit, ana wannan ihu a saman kanka. Dubi irin natsuwar da kunnenmu ya ba mu. Wani kunnen da tuni ya hana mu shan iska.

A nan sai in yi wa jemagen mangwaro adalci, wannan babban da ke cika bishiya da rana yana tashi garke-garke da yamma. Shi ba ruwansa da wannan sana'a, ido da hanci yake bi. Ƙananan nan ne masu fitowa daga rufin ɗaki da kogon bishiya suke ta.

Jemage ma an fi shi. Akwai wani asu da masu kiwon zuma suka sani, wanda tsutsarsa ke cinye saƙa a cikin amya. A 2013 masu bincike a Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo suka auna kunnensa, suka tarar yana amsawa har zuwa 300,000. Ninki 15 ke nan na kunnen jaririnmu mafi lafiya. Ƙwayoyin jin da ke cikin kunnen nasa kuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Almubazzaranci ke nan, a ba ƙwaro abin da ba zai iya rubuta littafi a kansa ba.

Ta ƙasa ma haka abin yake. A 1984 wata mai nazarin sautin dabbobi, Katy Payne, tana tsaye kusa da giwaye a gidan namun daji na birnin Fotlan a Amurka, sai ta riƙa jin iska tana bugawa a ƙirjinta, ba a kunne ba. Abin ya tuna mata da yarinta, lokacin da take tsayawa kusa da babban molon coci mai bututu in an danna mafi kaurin muryarsa. Ta koma da na'urar ɗaukar sauti, aka ƙara wa kaset ɗin gudu, sai ga muryoyi. Giwa tana gurnani ƙasa da haz 20, gurnanin yana ratsa daji ya yi tafiyar kilomitoci. Shekara dubbai mutum yana farautar giwa, yana hawanta, yana sayar da haurenta, yana yi mata kirari, bai taɓa sanin tana magana a gabansa ba. Duk wanda ya taɓa ganin garken Yankari ya tsaya cak lokaci ɗaya, kunnuwa a baje, sannan ya juya gaba ɗaya kamar an yi masa umarni, to an yi masa ɗin ne, mu ne dai ba a gayyata ba. Tattabarar da yara ke kiwo a bayan ɗaki ma tana jin girgizar da ba ta kai sau ɗaya a daƙiƙa ba.

To, kada masu hassada su yi saurin murna, don yanzu sarki zai fito da sandar girmansa, kuma a wannan gaɓar ba na bukatar ƙara gishiri.

Gonarmu ƙarama ce, amma ba wanda ya san kunyoyin gonarsa kamar mu, sai ɗaiɗaiku. A buga wa mai lafiyar kunne sauti na haz 1,000, a sake buga masa na 1,003, zai ce na biyun ya ɗara. Can cikin kunne akwai wata 'yar aba naɗaɗɗiya kamar katantanwa, ba ta fi ƙwayar wake ba, cike da ruwa, da wani siririn faifai shimfiɗe a tsawonta. Siririn sauti yana kaɗa bakin faifan, kakkaura yana wucewa can ƙurya, kowane sauti da mazauninsa. Georg von Békésy, mutumin Hangare, shi ya gano haka, bayan ya feɗe kunnuwa iri-iri har da na giwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1961. A kan faifan akwai ƙwayoyi masu ɗan gashi a ka, wajen 16,000 a kowane kunne, su ke mai da girgiza saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Awon da aka yi a 2002 ya nuna cewa tankaɗen kunnen mutum ya fi na kyanwa laushi wajen raba sautukan da ke maƙwabtaka. Kyanwa ta fi mu faɗin gona, mun fi ta sanin iyaka.

Bahaushe ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba, da wannan baiwa yake cin abinci kullum. Kuka na hawaye da kuka ta miya, harafi ɗaya ne bai bambanta ba, karin sauti ne ya raba su. Wuya ta wahala da wuyan da ake rataya wa carbi haka. Ma'aikata masu karɓar albashi da ma'aikatar da suke zuwa su yi hamma, haka. Rubutun boko bai damu ya sa alama ba, ya bar wa kunne aikin, kunne kuwa bai taɓa kai ƙara ba. Yaro ɗan shekara uku ba zai ce a kaɗa masa miyar hawaye ba. Abin da ya fi ban mamaki, tsoho mai murya kamar ganga ya faɗi kalma, jikarsa mai murya kamar usur ta maimaita, ko kusa ba a awo ɗaya suka faɗa ba, amma kunne ya ce kalma ɗaya ce, don ba tsayin sautin yake bi ba, hawa da saukarsa yake bi. Wannan ne ya ba makaɗin kalangu damar magana da fata. Ya matse tsarkiya a hammata fatar ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, mahauci yana can bakin kasuwa ya ji an ambaci kakansa, ya ajiye wuƙa ya laluba aljihu. An gwada irin wannan da wasu tsuntsaye masu waƙa a Amurka: a koya musu kari, su riƙe shi daram, amma da an ɗaga shi sama ko an sauke shi ƙasa da inda suka saba sai su kasa gane shi. Su tsayin sautin suke haddacewa, abin da a cikin mutane sai ɗaiɗaiku ke iyawa.

Har cikon abin da babu kunnen nan yana yi. Tsohon layin tarho ba ya ɗaukar abin da ya gaza haz 300, muryar namiji kuwa gindinta yana wajen 100 da 'yan kai. Gindin ba ya isowa, rassan kawai ke zuwa, amma ƙwaƙwalwa sai ta dubi tazarar rassan ta mayar da gindin da kanta, ka ji muryar yayanka da kaurinta ka ce "Yaya, ina wuni" tun bai faɗi sunansa ba. A 2019 aka sa mutane da wasu birai a na'urar hoton ƙwaƙwalwa aka buga musu sautuka, ƙwaƙwalwar mutum ta nuna fifiko ƙarara ga sauti mai kari a kan hayaniya, ta birin kuwa ba ta nuna haka ba.

Da a nan aka tsaya da an yi walima. Sai dai 'yan bincike ba su iya barin biki ya tashi lafiya ba. A Jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2016 cewa wani ɗan ƙaramin biri na dazukan Barazil, wanda bai fi cikin tafi biyu ba, yana rarrabe kari kusan yadda muke yi. Wani jemage mai hanci kamar kofaton doki yana kiransa a wajen 83,000, kuma yana cikin tashi yana gyara muryarsa ƙasa kaɗan don amsa-kuwwar ta dawo daidai inda kunnensa ya fi kaifi, har yana jin kaɗawar fiffiken ƙwaro a cikinta. Sai kuma sauro. A 2009 a Jami'ar Cornell aka ɗaure sauron da ke kawo zazzaɓin shawara, mace da namiji, aka matso da su kusa. Fiffiken macen yana bugawa wajen 400, na namijin wajen 600. Da suka ji juna sai kowa ya gyara nasa har rassan muryoyinsu suka haɗu a 1,200. An ga makamancin haka a sauron cizon nan namu mai kawo maleriya. Wato abin da 'yan amshi suke kwana suna koyo, sauro yana yinsa a sama, cikin duhu, yana neman aure. Ba za a ce ba mu yaba ba. Duk daren da ya zo rera mana a kunne, ai tafi muke yi masa.

Duk da haka baiwar tana nan, ba mai ƙwace mana ita. Abin da ya rage a yaba shi ne yadda muke riƙon ta, kuma a nan ne ɗan Adam ya kere wa duk wata halitta.

Kwanan baya na je wani biki. An kafa rumfa a tsakiyar layi, an jera lasifikoki shida, uku bisa uku, kowace ta kai tsayin yaro. Mai kiɗan na'ura ya murɗa har ƙarshe, sannan ya nemi abin da ke bayan ƙarshe. Ruwan da ke cikin kofi a kan tebur yana rawa shi kaɗai. Ledar rumfa tana kakkarwa. Wata baiwar Allah tana zaune dab da lasifika ta ƙasa, don nan ne inuwa, da jariri goye a bayanta, kansa bai fi taku biyu daga bakin abin ba, kunnensa sabo fil, duk 16,000 ɗin nan ba wadda ta taɓa karyewa. Mutumin da ke kusa da ni ya sunkuyo ya kafa bakinsa a kunnena ya kurma ihu: "Alhaji, ya iyali?" Na kurma masa nawa: "Amin, amin!" Muka gyaɗa kai, kowa ya gamsu.

Can gefe na hango wani dattijo da kalangu a hammata, da alama tsohon makaɗin gidan ne, an kira shi don kada a ce an yar da al'ada. Ina ganin hannunsa yana aiki, ina ganin damtsensa yana matsewa yana saki. Tabbas magana yake yi, wataƙila kakan ango yake kira, wataƙila yana faɗin wanda ya haifi wanda ya haifi amarya. Ba wanda ya juya. Daga baya wani yaro ya tausaya masa ya kai masa makirfo, aka haɗa shi da lasifikokin, sai kalangun ya fito kamar ana dukan garwa. Aka yi masa liƙi.

Wannan ba ƙaramar bajinta ba ce, kuma ba ranar biki kaɗai ake yin ta ba. Yaron da ke tsaye kan injin markaɗe daga safe zuwa magariba, ka tambaye shi kuɗin niƙa ya ce "Iye?" sau uku. Janareta a bakin tagar ɗakin kwana. Mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan da kunya ta hana a faɗa a hankali. Direba da ya ɗauka hon ne ke tura motar gabansa. In an samu sa'a wuri ya yi shiru, sai matashi ya ciro 'yan wayoyin saurare ya cusa a ramin kunne ya kai ƙarar har gida, kada dodon kunne ya yi kewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar lafiya ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, in an kai 100 sai dai a yi maganar mintoci. Ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu ta wannan hanya, kuma mutum miliyan 430 tuni suna bukatar taimako. Da wata dabba ce ta tara irin wannan adadi da an sa ta a littafin tarihi.

Ga kuma inda jarumtar take. Ƙwayoyin gashin nan na cikin katantanwa, in ƙara ta karya su, ba sa sake tsirowa. Na bakin faifai, masu kama siraran sautuka, su ke fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana jin ana magana amma ba ya gane me ake cewa. A 1988 aka tabbatar cewa tsuntsu ba haka yake ba: a lalata wa ɗan tsako waɗannan ƙwayoyi da ƙara, cikin 'yan makonni sababbi sun fito. Kifi ma haka. Wato kaza, wadda take da abin canji, ba ta zuwa gidan biki. Mu da aka ba mu sau ɗaya tak, mu ne muke neman kujerar gaba. Zakara kuwa abin kunya ne ma a faɗa. Masu bincike a Beljiyam sun ɗaura masa na'ura a ka, suka tarar carar tasa a bakin kunnensa tana kaiwa desibel 130, amma da ya wangame baki sai ramin kunnensa ya matse, wani nama ya rufe sashen dodon kunnen. Jemage ma kafin ya yi kururuwa sai wata 'yar tsoka ta ɗaure masa ƙasusuwan kunne, ta saki kafin amsa ta dawo. Matsorata ke nan. Namiji ai ba ya toshe kunne don ƙarar da shi ya tayar.

Kuma ɗan Adam ba marowaci ba ne, abin da ya samu yana rabawa da maƙwabta. A birnin Laidin na Holan an lura a 2003 cewa wasu 'yan tsuntsaye da ke zaune kusa da manyan tituna sun ɗaga muryar waƙarsu sama, don rugugin motoci ya cinye musu ƙasan. Mun koya musu sabon kari kyauta. A cikin teku, inda haske ba ya nisa kuma kowa da kunne yake rayuwa, manyan dabbobin nan na wel suna kiran juna da kakkaurar murya daga nesa mai nisa, sai muka aika musu da jiragen dakon kaya masu ruri daidai wannan awo, don kada su yi kaɗaici. A watan Maris na 2000 rundunar ruwan Amurka ta yi atisaye da na'urar laluben jiragen ƙarƙashin ruwa a tsibiran Bahamas, dabbobi 17 suka fito gaɓa, waɗanda aka duba cikin matattun an ga jini a kewayen kunnuwansu, rundunar da kanta ta amsa cewa na'urarta ce. Sau biyu aka ga abin da ke faruwa in mun janye wannan alheri. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 zirga-zirgar jirage ta ragu a mashigin Fundy na Kanada, masu bincike da ke tattara kashin wel a wurin suka ga sinadarin damuwa ya sauka a jikinsu. A 2020 kuma, da annobar korona ta kulle mutane a gida, gwararen San Faransisko suka sassauta murya, suka koma rera ƙananan karin da suka daɗe da bari, kuma ana jiyo su daga ninkin nisan da. Allah ya taimaka kullen bai daɗe ba, da sun sangarce.

Daren bikin nan na dawo gida wajen sha ɗaya. An ɗauke wuta, maƙwabcina kuma man janaretansa ya ƙare, unguwa ta yi abin da mu muke kira shiru. Na kwanta a tabarma a tsakar gida. Kyanwa tana kan katanga, kunnuwanta suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, tana bin wani labari da ake yi a rumbu. Wasu ƙananan inuwoyi suna gilmawa ta saman zogale, baki buɗe.

Sai na ji shi. Wani siririn sauti, wiiii, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka, a kunnen hagu. Na juya kai, ya biyo ni. Na toshe kunnen da yatsa, ya ƙara fitowa. Na dubi kyanwa, ko gezau. Jemagu ba su canza hanya ba. Duk faɗin gonarsu, da 60,000 ɗinsu da 100,000 ɗinsu, ba wanda ya kama shi sai ni, don ba abin da ke girgiza a duniya da ya haife shi, kunnena ne ya ƙera abinsa da kansa. Na tashi zaune don in yi wa uwargida albishir, sai na gan ta tsaye a kaina da kwanon tuwo a hannu, bakinta yana motsi.

"Maigida, sau nawa zan ce maka abincinka ya huce?"

Na ce, "Iye?"